Ciyawar Ruwan Zartsi

Saura ƙiris da ban rubuta wannan labari ba. Gani nake yi, wa zai zauna ya karanta zancen kifi ɗaya da ciyawa? Ga shi kuma mai labarin ba ta son a riƙa ambatonta. Da na tambaye ta, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce in rubuta, amma kada in faɗi sunan rugarsu. To, ba zan faɗa ba.

Rugar tana tsakanin Kura da Garun Mallam, a bayan babban kanal ɗin da ke kawo wa manoman rani ruwa daga Tiga. Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, ga shanu, ga kuma 'yan gonakin tumatir da alkama kamar kowa. A nan Asta take aure. Kullum da hantsi takan ɗauki ƙwaryar fura da nono ta bi gefen kanal, ta sayar wa masu tsinkar tumatir, ta dawo kafin la'asar. Ba ta da yawan magana. Ko ciniki ma, rabinsa da kai take yi.

Mijinta Garzali ya fara ne da bin motocin tumatir zuwa Ikko, yana kula da kwanduna a hanya. Daga baya wani dillali ya ga riƙon amanarsa, ya tsayar da shi can yana karɓar masa kaya a kasuwa. Tun daga nan zuwansa gida ya zama jefi-jefi. A gidan kuma babu mai iya buɗe baki ya ce yana kewarsa. Inna Binta, mahaifiyarsa, ɗan fari ne a wurinta, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "mutumin Ikko". Asta kuwa matarsa ce, ita ma sunan ya fi ƙarfin bakinta. Ƙanwarsa Kubra ce kaɗai ke cewa "Yaya" kai tsaye, ita kuma komai wasa ta mayar da shi.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Kura, ya zo gida a farkon kakar tumatir. Ya biyo motar da ta dawo da kwandunan da aka juye. Ya sauke wani abu naɗe cikin buhuna, da wata jarka da aka yanke wa kai. Da aka kwance buhunan, sai ga akwatin gilashi, tsawonsa ya ɗan ɗara kamu. A cikin jarkar kuwa wani ɗan kifi ne, bai fi lemun tsami ba, bayansa ɗige-ɗige, cikinsa fari tas, idanunsa kowanne na juyawa inda ya ga dama. Kubra ta sa tsinke ta taɓa shi. Nan take ya kumbura ya yi gwal kamar ƙwallo, ta saki ihu ta faɗa jikin Asta.

Inna Binta ta leƙo, ta riƙe haɓa. "Talibamban! Duk tsarabar Ikko, mutum ya rasa abin da zai ɗauko sai talibamban? Wanda masuntan Tiga ke jefarwa in ya shiga tarunsu?"

"Ba irin namu ba ne, Inna," in ji Garzali yana dariya. "Wannan daga inda kogi ke haɗuwa da teku yake. Yara na tarar a bakin ruwa suna tsokanarsa don ya kumbura, na karɓe shi."

"To ka kyauta. Sai a kafa masa turke kusa da maruƙa."

A ɗakin Asta ya ajiye akwatin, daga gefen ƙofa, inda haske ke shiga amma rana ba ta kaiwa. Ya tsuguna yana haɗa ruwa, ita tana tsaye a bayansa, idonta a ƙasa.

"Ruwan wurinsu ba na daɗi ba ne, ba kuma na teku ba," ya ce. "Zartsi-zartsi yake, kamar na rijiyar nan da mata ba sa son wanki da ita."

Ya kwance ledar ɗanyen gishiri mai manyan ƙwayoyi da ya zo da shi, ya narka a ruwan kanal da ya kwana a tulu. Ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ƙara kaɗan, ya sake ɗanɗanawa.

"Zo ki ji."

Ta sa yatsa ta kai harshe.

"Kin ji? To ki riƙe shi a harshenki. In za ki canza masa ruwa, rabi za ki kwashe, ki haɗa sabo har ya yi wannan ɗanɗanon. Abincinsa kuwa ba wuya, 'yan ƙananan dodon-koɗin nan da ke manne a simintin kanal." Ya dubi kifin yana zagaya akwatin. "Abu ɗaya ne ban samo masa ba. A wurinsu cikin ciyawa yake zama, yana ɓuya. Nan kuwa fili ne fetal, kowa na kallonsa. Ki nemo masa ciyawar ruwa ki dasa."

Ta gyaɗa kai. Tana so ta tambaye shi yaushe zai sake zuwa, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Wace iri?"

"Ke da ke bin kanal kullum? Ai kin fi ni sani."

Bai daɗe ba ya koma.

Da farko kifin ya yi ta ci. In ta jefa masa dodon-koɗi, sai ya matso a hankali kamar mai jin kunya, ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya cafke. Har daga bakin ƙofa ana jin ƙarar, ƙaras! Wannan ƙarar ta zama abin da Asta ke jira kowace safiya. Takan zauna a tabarma ta zuba masa ido, shi ma ya zo jikin gilashi ya zuba mata nasa. A gidan duka, shi kaɗai ne ya san inda Garzali yake kwana yake tashi, ya sha iskar garin, ya yi doguwar tafiyar nan tare da shi a bayan mota.

Ciyawar farko da ta kawo kainuwa ce. Ta ɗebo ta a wani kududdufi, ta wanke, ta shimfiɗa a saman ruwan. Abin gwanin kyau, saiwoyinta na reto kamar gashi, kifin na ratsa su. Ba a kwana da yawa ba ganyen ya fara rawaya, gefensa ya yi laushi, saiwoyin suka zube a ƙasan akwatin, ruwan ya ɗauki wari. Ta kwashe, ta canza ruwa.

Kubra ta naɗe zani ta shiga tafki ta tumɓuko mata bado. Shi ko kainuwar ma ta fi shi daɗewa. Aka kawo wata doguwar ciyawa da ke kwance a ƙarƙashin ruwan kanal, ita kuma ta narke ta zama yauƙi kamar miyar kuɓewa. Har dashen shinkafa Kubra ta roƙo a gonar wani, wai ko kifin zai samu na tuwo. Shi ma ya bushe a tsaye.

"'Yar nan," in ji Inna Binta wata rana tana kaɗa nono, "ciyawar Allah ba ta son gishiri. Ke kuma kin dage kina yi wa kifi miya. Rage gishirin ki gani."

Asta ba ta iya yi wa Inna musu. Da ta zo canza ruwa, ta zuba na kanal zalla, ta sa sabuwar kainuwa. Kainuwar ta miƙe, ta yi kore shar. Amma kifin ya sauka ƙasa ya lafe a lungu, farin cikinsa ya koma ruwan toka. Nan da nan ta shiga mayar da gishirin kaɗan-kaɗan har ɗanɗanon ya dawo yadda ta riƙe shi. Kainuwar ta mutu. Kifin ya tashi, amma daga ranar bai ƙara ci ba. Sai dai ya yi ta hawa da sauka a jikin gilashi, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar mai neman ƙofa. Dodon-koɗin da ta jefa masa har hawa bango suke yi a gabansa, ko kallonsu ba ya yi.

Nan ta gane inda matsalar take. Ruwan da ciyawa ke so, kifin ba ya so. Wanda kifin ke so, kashe ciyawa yake yi.

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Garzali kan ari wayar maigidansa ya kira ta Lukmanu. Lukmanu wani saurayi ne da ya kafa lema da tebur a bakin titi a Kura, yana ba mutane waya suna kira. Wurin ba ya rabuwa da jama'a, yawancinsu dillalan tumatir masu tambayar farashin kudu da ƙarfin murya. Asta da Kubra sukan tsaya daga gefe har Lukmanu ya ɗaga musu hannu.

A wannan Juma'ar Kubra ce ta fara karɓa, ta zazzage labarin gida kaf, har da saniyar da ta haihu, sannan ta miƙa wa Asta. Asta ta riƙe wayar da hannu biyu. Mutane na kewaye da ita, Lukmanu na kallon agogo.

"Ina wuni," ta ce, murya can ƙasa.

"Lafiya lau. Ya gida, ya su Inna?"

"Lafiya lau."

"Ya baƙon namu?"

"Ba ya ci."

"Subhanallahi. Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ciyawar ce ta ƙi. Duk wadda aka sa sai ta ruɓe."

Ta ji ya ja numfashi. A bayansa ana ta hayaniya da wani yare da ba ta ji.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na raba shi da ruwansu. To ki ji, in har Juma'a mai zuwa bai ci ba, zan roƙi maigidana in biyo motar kwanduna in zo in ɗauke shi, in mayar da shi inda na samo shi. Ba zan ɗauki alhakinsa ba."

Asta ta gyara riƙon wayar. Ta ce, "To." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Kubra dama kunnenta na manne da bayan wayar. Suna barin titi suka hau gefen kanal, ta fara tafi tana rangaji.

"Allah ya ja da ran talibamban! Allah ya ƙara masa ƙin abinci!"

"Ke Kubra, ki ji tsoron Allah."

"Ni kuwa nake jin tsoronsa. Matar Yaya, ki saurare ni da kyau. Daga yau ko tsinke kada ki sake ki kai masa. Mu da muke ta addu'a Yaya ya zo, ashe maganin na cikin ɗakinki."

"Ni ban ce ina addu'a ba."

"A'a, ba ki ce ba. Zaninki ne ya ce, da kullum sai kin ƙara masa ɗauri."

Asta ta kai mata duka da gefen mayafi, Kubra ta goce tana dariya.

Amma maganar ta zauna mata. Washegari ta bi kanal da ƙwaryarta, ta wuce ciyayi iri-iri, ba ta tsaya ba. Ta gaya wa kanta ai duk ta gwada su. Ta shiga lissafin abin da za ta dafa ranar da zai iso, da zanin da za ta ɗaura. Sai dai in ta dawo ɗaki ta tarar da kifin yana hawa da sauka, cikinsa ya fara shafewa, sai duk daɗin ya gudu. Ta kai lomar tuwo baki ta kasa haɗiyewa.

A tsakiyar makon ne ta kai nono can ƙarshen gonaki, wajen da ba ta saba zuwa ba, don masu tsinka sun koma can. Da za ta dawo ta yanke ta wata gona da aka daɗe da bari. A nan ne ragowar ruwan ban-ruwa ke taruwa ya kwanta, ba shi da mafita. Shekara da shekaru rana na shanye shi, har ƙasar wurin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Manoma sun ce wurin ya mutu, ko albasa ba ta yi.

Shanun rugarsu ta tarar a wurin. Ba kiwo suke ba. Sun sunkuyar da kai suna lasar ƙasa, har suna ture juna.

Asta ta tsaya. Tun tana yarinya a gidan ubanta ta san saniya ba ta lasar ƙasa a banza. Ta dubi gaba kaɗan. A tsakiyar farar ƙasar akwai wani kwari da ruwa a ciki, bai kai gwiwa ba. A cikin ruwan kuwa ciyawa ce tsaye, kore shar, mai siririn ganye kamar na albasa, irin dangin aya-aya. Gindinta na cikin ruwa, kanta a waje. A ƙarƙashinta wata gajeruwa ta shimfiɗu kamar tabarma.

Ta sauke ƙwarya. Ta tsuguna a bakin ruwan, ta sa yatsa, ta kai harshe.

Shi ne. Ɗanɗanon da aka ce ta riƙe, ga shi nan kwance a bayan gonakinsu, shanu sun daɗe da saninsa.

Ta daɗe a tsugune. Wata farar saniya ta matso ta shinshina kafaɗarta. Asta ta kai hannu ga ciyawar, ta kama, ta saki. Juma'a ta kusa. In ta yi kamar ba ta gani ba, wa ya sani? Shanu ba za su faɗa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar gida, hannunta babu komai.

Da ta shiga ɗaki, ba ta ga kifin yana hawa da sauka ba. Yana kwance a lungu, ya ɗan karkata gefe guda, ƙananan fikafikansa na motsi da ƙyar. Ta durƙusa ta kai fuskarta kusa da gilashin. Idonsa ɗaya ya juyo ya tsaya a kanta. Ba shi da inda zai ɓuya, ko daga ita.

Ta tuna yadda Garzali ya tsuguna a daidai nan yana ɗanɗana ruwa sau biyu, sau uku, don wani ɗan abu da yara ke wasa da shi. Ta yi tunanin ya sha wannan doguwar hanya ya zo ya tarar da akwati babu kowa.

Ko mayafinta ba ta cire ba. Ta ɗauki tsohuwar fartanya da bokiti ta fita.

"Ina zuwa kuma da yammacin nan?" Inna ta tambaya.

"Yanzu zan dawo, Inna."

Ta haƙo ciyawar da saiwarta da ɗan laka, doguwar da gajeruwar duka. A gida ta wanke lakar sama-sama, ta jera su a gefe ɗaya na akwatin, ta danne gindinsu da tsakuwa. Dogayen suka leƙo saman gilashin kamar ƙaramar fadama. Ruwan ya ɗan gurɓace, sannan ya kwanta.

Washegari ta duba, ciyawar na nan tsaye, ba rawaya, ba wari. Kifin kuwa ba ta gan shi ba. Ta leƙa ta sama, ta leƙa ta gefe. Can a tsakiyar ganyen ta hango ido ɗaya yana juyawa. Ta jefa dodon-koɗi, bai fito ba. Ta tafi tallarta ta dawo, bai fito ba.

Ranar Alhamis da safe tana shara a tsakar gida, Kubra na wanke ƙore, Inna na zaune a gindin rumbu. Sai suka ji daga ɗaki, ƙaras!

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Asta. Ta ruga ciki, Kubra na biye. Ga shi nan a bakin ciyawa yana tauna, yana tofar da ɓawo, cikinsa ya fara komawa fari. Ya sake cafkar wani. Asta ta rufe baki da hannu, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Kubra ta riƙe ƙugu. "Shi ke nan. Kin kashe mu. Wa ya aike ki?"

"Mutuwa zai yi."

"Kwana nawa ya rage? Da ya daure!" Ta zauna a bakin gado, ta yi tagumi, can kuma ta miƙe. "To tsaya. Ai ba a rasa dabara. Gobe in ya tambaya, ki ce ba ya ci. Kifi dai ba ya magana. In Yaya ya zo ya tarar da shi ya yi ƙiba, sai mu ce ƙamshinsa ya jiyo ya warke."

"Ƙarya fa ke nan."

"Ƙarama ce. Ni zan ɗauki rabin zunubin."

Asta ta yi mata nuni da ƙofa, don Inna na jin su. Suka leƙa a tsorace. Inna Binta ba ta ko ɗago kai ba, tana ta tsince wake a faifai.

"Ni kunnena ya yi nauyi kwanan nan," ta ce. "Ba na jin abin da yara ke faɗa a ɗaki."

Kubra ta toshe baki don kada dariya ta fito. Asta kuwa ta tsaya tana kallon tsohuwar. Ba ta taɓa lura ba sai yau, ashe inda Inna ke zama kullum, daga nan ake hango hanyar da ta fito daga titi.

Ranar Juma'a wurin Lukmanu ya cika fiye da kullum, don tumatir ya faɗi a kudu, kowane dillali na neman wanda zai yi wa faɗa. Da kiran ya shigo, Kubra ko gaisawa ba ta tsaya yi sosai ba, ta danna wa Asta wayar a hannu, ta matse kusa da ita.

"Ina wuni."

"Lafiya lau, Asta. Ya baƙon namu?" Kafin ta amsa ya ci gaba. "Na yi wa maigidana magana. Bai ji daɗi ba, ya ce in na tafi a tsakiyar kaka, sai dai ya sa wani a wurina. Na ce masa rai ne, kuma ni na ɗauko shi. In har yanzu ba ya ci, jibi akwai motar da za ta taso."

Jibi. Kalmar ta shiga kunnenta ta zauna. Kubra ta mintsine ta a cinya. Asta ta ƙara matse wayar a kunne. Kalma uku ce kawai, ba ya ci, ta faɗe su makon jiya ba tare da wahala ba. Amma ta ji muryarsa, yadda ya gaji, yadda ya yarda da duk abin da za ta ce tun kafin ta faɗa.

"Ya ci," ta ce.

"Na'am?"

"Ya ci. Jiya ya ci, yau ma ya ci."

Kubra ta saki hannunta ta juya baya.

"Alhamdu lillahi! Ta yaya? Kin samo ciyawar?"

Sai ta samu kanta tana ba shi labari, gonar da aka bari, farar ƙasa, shanu na lasa, yadda ta ɗanɗana ruwan. Tunda aka kawo ta gidansu ba ta taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba. Yana ta dariya, irin dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.

"Shanu ne suka nuna miki? Kai, Bafulatana! Ni ina nan ina tambayar masunta, ashe abin na bayan gonakinmu." Ya numfasa. "To madalla. Kin sauke mini nauyi. Ke nan sai in zauna har kaka ta ƙare. In Allah ya yarda, farkon damina."

"To," ta ce.

Farkon damina. Yanzu ko alkama ba a yanke ba.

Lukmanu ya miƙo hannu. Wani dillali mai babbar riga a bayanta ya ce, "Baiwar Allah, in an gama gaishe-gaishen a taimaka mana, tumatirina na can na ruɓewa."

Asta ba ta miƙa wayar ba. Ta juya musu baya, ta ja mayafi ta rufe kanta da wayar gaba ɗaya, kamar mai shiga ɗaki.

"Kifin kaɗai ka tambaya," ta ce.

"Me kika ce? Ƙara murya, akwai hayaniya."

Ta runtse ido. "Na ce kifin yana ci. Mai ba shi ce ba ta ci."

Shiru. Tana jin ƙahon motoci da ihun 'yan dako daga can wata duniya. Ta ɗauka ma ya ajiye.

"Asta," ya ce. Muryar ta sauka, ta zama irin wadda ba ya yi a gaban mutane. "Tun yaushe?"

"Tun da aka koma Ikko."

"Ki ji, bari in..."

Wayar ta yi ɗif. Ta ci gaba da riƙe ta a kunne har Lukmanu ya ce, "Sabis ne, Hajiya, ya ɗauke." Ya karɓa ya ɗaga ta sama, ya juya gabas ya juya yamma. Da sabis ɗin ya dawo, mai babbar riga ya riga ya cafke. Suka jira a gefe har inuwa ta yi tsawo. Garzali bai sake kira ba, wayar ba tasa ba ce.

Suka kama hanyar gida har suka wuce gadar kanal. Can Kubra ta dube ta ta gefen ido.

"Ashe kina da baki."

Asta ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Me ya ce zai yi?"

"Bai ƙarasa ba."

"Zai zo ko ba zai zo ba?"

"Ban sani ba, Kubra."

Da suka isa gida Inna ta tambaya me mutumin Ikko ya ce. Kubra ta ce an gaya masa kifi ya warke. Inna ta ce, "Madalla," ta tashi ta shiga ɗakinta.

Washegari da safe Asta ta jefa wa kifin dodon-koɗinsa, ta jira har ya fito daga cikin ciyawa ya ɗauka. Ta dama fura, ta cika ƙwarya da nono, ta ɗora a ka. Da ta fito bakin ruga, maimakon ta bi gefen kanal wajen masu tsinka, sai ta miƙe hanyar da ta nufi Kwanar Gafan, kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya, inda motocin da suka dawo daga kudu ke sauke kwanduna.

Kubra ta hango ta daga wajen maruƙa, ta ɗaga murya. "Matar Yaya! Ko zai taso, sai gobe motar za ta baro Ikko!"

"Can ma ana shan nono," in ji Asta, ba ta waiwayo ba.

Ta isa rana ta ɗaga. Ta sami gindin wata darbejiya a bakin titi, ta sauke ƙwaryarta, ta gyara faifan da ta rufe ta da shi, ta zauna tana fuskantar kudu.